Asalin Zaman Ko-ta-kwana a Wajen Injiniyoyin Manhaja

Al'adar nan ta keɓe mutum guda wanda za a tasa daga barci a duk sa'ar da al'amari ya ɓaci, ba ma'abota ilmin kwamfuta suka ƙago ta ba, gadonta suka yi daga likitoci, waɗanda tun a shekarar 1950 aka fara ba wa waɗansunsu a birnin New York 'yar na'ura ta aljihu domin a kirawo su ga majinyaci ko ina suke. Likitocin kuwa sun riga kowa ɗanɗana illarta, domin bayan rasuwar wata budurwa a 1984 a hannun likitocin da aiki ya galabaitar, hukumar jihar New York ta ƙayyade wa masu koyon aikin sa'o'i 80 a mako tun daga 1989.

A da, mai rubuta manhaja daban, mai tsaron na'urori daban. Amma da intanet ta mayar da ciniki abin da ba ya tsayawa dare da rana, sai Werner Vogels na kamfanin Amazon ya bayyana a 2006 cewa a wajensu wanda ya gina abu shi ke da alhakin tafiyar da shi. Akwai hikima a nan, saboda wanda kuskurensa ya taɓa tayar da shi kafin asuba zai kyautata aikinsa. Sai dai idan kira ya yawaita, na gaske da na banza suka cakuɗe, hankali yakan dushe, har a yi sakaci da kiran da ya wajaba a amsa.

Wannan ne ya sa sashen da Ben Treynor ya kafa a Google a 2003 ya shimfiɗa ƙa'idojin da aka wallafa a 2016: kada jiran kira ya wuce rubu'in lokacin injiniya, kada matsala ta haura biyu cikin sa'o'i 12, a yi karɓa-karɓa tsakanin mutum takwas aƙalla, sannan a binciki musabbabin kowace ɓarna ba tare da ɗora wa wani laifi ba.

Lalle tsaron abin da jama'a suka dogara da shi amana ce mai nauyi, amma barcin mai tsaron haƙƙi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, kuma duk ma'aikatar da ta tauye wannan haƙƙi, amanar da kanta ta sa cikin haɗari.