Yadda Kiɗan Gargajiya Ya Shiga Cikin Na'ura

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Magarya ne ko na Dungas, ai ka ga yadda biki ya sake. A da sai an kai wa mai kalangu goro tun da sauran kwanaki. Yau kuwa yaro guda mai fiyano da lasifika ya ishi dandali. Dattawa suna cewa na'ura ta kashe kiɗa. To, kafin ka yarda ko ka musa, bari mu waiwayi mafarin abin a ƙasarmu Nijar.

Akwai wani malamin makaranta, Mamman Sani Abdullahi, wanda daga baya ya yi aiki da UNESCO. A wurin wani taro ya ga wani wakilin ƙasar Ruwanda da fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya, ana ce da ita Orla. Sai ya saye ta, ya kawo Yamai. Bai tsaya ga kwaikwayon kiɗan Turawa ba. Waƙoƙin Fulani Bororo da na Buzaye ya riƙa juyawa a kanta, tare da nasa na kansa. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa, aka buga kamar guda ɗari kacal. Amma rediyo da talabijin suka yi shekaru suna sa kiɗan tsakanin shiri da shiri, har mutane suka haddace shi ba su san mai shi ba. A 2013 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya tarar da kaset ɗin a Yamai, ya sake fitar da shi a faifai. Sa'an nan duniya ta ji.

Fiyanon bikinku kuwa ta kudu ta ɓullo, daga Kano. Can masu kiɗan fim suka gane cewa fiyanon Yamaha tana da muryoyi masu kama da sarewa da ganga. Bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999, wannan salo ya bi kasuwannin kan iyaka, ya shiga kowane gari.

Amma ka lura da abu guda. Na'ura ba ta san take ba, sai wanda aka koya mata. Dubi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a jihar Damagaram, gwanin gurmi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi, ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar don ya koyi biram, molon masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Barka ya rasu a 2018, amma ya bar sautin biram a faifai. Da bai je ba, wace na'ura za ta tuna da shi?

Saboda haka, in akwai tsohon makaɗi a garinku wanda ya san taken manoma da na mahauta da na ƴan kokawa, kada ku jira sai ya kau. Ku je da wayarku ku ɗauka, ku tambayi ma'anar kowane take, ku sallame shi da abin kirki. Mai fiyano kuma ya zauna gabansa ya koya. Allah ya sa mu dace, amin.