Daga Kunne Zuwa Jini: Tarihin Cutar da Ta Gagari Magani

Ya kai mai karatu, idan kana jinyar wani naka a ɗakin kulawa ta musamman, akwai wani tarihi da ya kamata ka sani. Tarihin wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna da yis, wadda likitoci suke kira Candida auris.

A shekarar 2009 ne masana a Japan suka fara bayyana ta, bayan sun same ta a kunnen wata dattijuwa 'yar shekara 70 a wani asibiti na Tokiyo. Shi ya sa aka raɗa mata "auris", wato kunne da Latin. Daga baya, da aka binciki tsoffin samfura a Koriya ta Kudu, sai aka tarar tun 1996 ta shiga jinin wani yaro, amma ba a gane ta ba, domin kayan gwajin da aka saba da su sukan ɗauke ta a matsayin wata daban. Cikin 'yan shekaru ta ɓulla a Indiya da Afirka ta Kudu da Benezuwela. A 2022 aka wallafa rahoton samun ta a Najeriya.

Abin da ya tayar da hankalin likitoci shi ne taurin kanta. Manyan rukunan magungunan da ake yaƙar irin wannan cuta da su a jini uku ne kacal, ita kuwa galibi ba ta jin fluconazole, wani lokaci ma takan bijire wa duka ukun. Tsakanin 2015 da 2016 ta yaɗu a asibitin Royal Brompton na Landan, har aka rufe ɗakin kulawa ta musamman na wani lokaci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a sahun gaba na jerin irin waɗannan cututtuka 19 mafi haɗari.

Darasi mafi amfani gare ka ya fito ne daga garin Oksifod na Ingila. A can majinyata 70 suka ɗauke ta tsakanin 2015 da 2017. Da aka bi sawu, sai aka gano ma'aunin zafin jiki da ake sa wa wannan a hammata a koma kan wancan shi ne yake yaɗa ta. Janye shi aka yi kafin a shawo kan matsalar. Ka ga ke nan a fata da hannu da gado da kayan aiki take maƙalewa, takan kuma yi makonni a kansu.

Kada ka firgita. Da wuya ta cutar da mai lafiya. Waɗanda take kamawa su ne masu tsananin ciwo da suka daɗe a kwance, masu roba a jijiya ko mafitsara ko maƙogwaro. Saboda haka ka wanke hannu kafin ka taɓa majinyacinka da bayan ka taɓa shi. Kada ku yi aron tawul ko zanen gado da maƙwabtan gado. Ka tambayi likita cikin ladabi ko har yanzu ana bukatar robar nan. Idan an taɓa kwantar da shi a wani asibiti, ka faɗa. Idan kuma zazzaɓi ya ƙi sauka duk da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka yi magana da wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.