Sashen Binciken Yanayi na Jami'ar East Anglia: Tsakanin Kimiyya, Siyasa da Ƙarancin Kuɗi

An kafa Sashen Binciken Yanayi na Jami'ar East Anglia, da ke birnin Norwich a Ingila, a shekarar 1972 ƙarƙashin jagorancin Hubert Lamb. Tare da Hukumar Kula da Yanayi ta Birtaniya, sashen yana tattara alƙaluman zafin duniya tun daga 1850, kuma masu nazarin fari a yankin Sahel suna amfani da bayanansa na ruwan sama.

A watan Nuwamban 2009, ana dab da taron sauyin yanayi na Kofanhegan, masu kutse sun fallasa saƙonnin imel fiye da 1,000 na masanan sashen. Masu musanta ɗumamar yanayi suka ce an yi coge a alƙaluma. Binciken da aka gudanar a 2010, ciki har da na kwamitin Majalisar Dokokin Birtaniya, bai sami hujjar ƙirƙirar bayanai ba, sai dai ya zargi jami'ar da rowar bayani.

Daga baya matsin kuɗi ya biyo. Gwamnati ta tsayar da kuɗin karatun ɗaliban gida a kan fam 9,250 daga 2017 zuwa 2025, sannan a Janairun 2024 ta hana yawancin ɗaliban ƙetare zuwa da iyalansu, lamarin da ya rage masu zuwa daga Najeriya. Jami'ar ta sanar da rage ma'aikata a 2023 da kuma 2024.

Irin wannan bincike yana buƙatar ƙwararru masu ɗorewa, domin kundin alƙaluma na shekaru da dama yana rasa daraja idan aka sami giɓi a cikinsa.