Tarihin Shata Iyaka Tsakanin Masu Gidajen Motsa Jiki A Amurka

Yau za mu ɗan ajiye littafi mu leƙa tarihi, domin ba manoma kaɗai ke rigimar iyaka ba.

A Amurka mutum kan biya kuɗi ya sayi izinin amfani da sunan wani babban kamfani, ya buɗe reshe da jarinsa, yana biyan kamfanin wani abu duk wata. To ina ne iyakarsa? Idan gobe kamfanin ya sayar wa wani irin wannan izini a bayan layinsa fa?

Tsarin ya girmi gidajen motsa jiki. Tun 1899 Coca-Cola ya ba da izinin zuba lemonsa a kwalba, aka yi ta raba ƙasar yanki-yanki tsakanin masu zubawa. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta tsananta wa kamfanoni kan hana dillalansu tsallake yanki, a shari'ar kekunan Schwinn. A 1977 kuma, a shari'ar GTE Sylvania, ta sassauto ta ce kowace iyaka a auna amfaninta da illarta.

Gidajen motsa jiki sun tarar da wannan hanya a share. Gold's Gym, wanda Joe Gold ya kafa a Kalifoniya a 1965, ya fara ba da sunansa a 1980. Amma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Curves na mata zalla, wanda Gary da Diane Heavin suka buɗe a Texas a 1992, suka fara sayar da izini a 1995. Da yake ɗan shago ya ishe shi, sai ya kutsa ƙananan garuruwa. Zuwa 2006 rassansa sun kai kusan 10,000 a duniya. Daga baya dubbai suka rufe a Amurka. Dalilan suna da yawa, har da tattalin arzikin da ya karye a 2008, amma dai Bahaushe ya ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Yadda ake shata iyakar kuwa, wani lokaci da'ira ake ja ta mil kaza daga ƙofar shago, ko a bi lambobin gidan waya na unguwanni, ko tituna, ko a ƙidaya mutanen wurin. Hukumar kasuwanci ta FTC ta fara tilasta ba mai saye bayani tun 1979, ta sabunta dokar a 2007. Sashe na 12 na takardar bayanin kan yanki yake magana, kuma idan babu keɓantaccen yanki dole a faɗa ƙarara.

Sai dai a lura: dokar ba ta ce a ba ka yanki ba, cewa ta yi a gaya maka gaskiya. Wanda bai karanta ba ya sa hannu, ranar da maƙwabci mai irin allonsa ya buɗe ƙofa, kansa zai zarga.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Allah ya sa mu dace.