Yadda Ɓera Ya Tona Asirin Ƙoda

A wurin manomin Zurgu, can ƙasar Rano, ɓera ɓarawon rumbu ne kawai. Amma a tarihin likitanci, shi ya taimaka aka amsa tambayar da ta shafi duk mai fama da hawan jini: shin ƙoda tana jin halin da take ciki, har ta sanar da ƙwaƙwalwa?

A 1859 masanin Faransa Claude Bernard ya yanke wata jijiyar saƙo da ke zuwa ƙodar kare, sai fitsarin ƙodar ya ƙaru. Wannan ya nuna cewa ana aika wa ƙoda umarni. Daga nan aka shafe fiye da ƙarni guda hankalin masana ya fi karkata ga umarnin da ke sauka, ba rahoton da ke hawa ba.

A 1978 Giorgio Recordati da abokan aikinsa suka gano wasu jijiyoyi a ƙodar ɓera da ke ɗaukar saƙo da zarar jini ya yanke mata. Sannan Ulla Kopp ta Jami'ar Iowa a Amurka ta shafe shekaru tana nazarin irin waɗannan jijiyoyi, waɗanda suka fi yawa a bangon matattarar fitsari ta cikin ƙoda. Idan matattarar ta cika ta miƙe, saƙo kan bi ta laka, ɗaya ƙodar ta ƙara fitar da gishiri da ruwa.

Babbar hujja ta zo a 1995. Vito Campese ya cire wa ɓeraye kashi 5 cikin 6 na ƙodojinsu, jininsu ya hau. Waɗanda aka datse wa jijiyoyin nan a gindin laka kuwa ba su kamu ba. Ashe kukan ƙodar da ta raunata yana cikin abin da ke tayar da jini.

Darasin bai isa ga ɗan Adam da sauƙi ba. A 2009 aka ba da rahoton nasarar ƙona jijiyoyin ƙoda ta hanyar zura siririn bututu a magudanar jini. A 2014 babban gwaji ya kasa tabbatar da amfaninsa. Sai a Nuwamban 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Ga mai zaryar wankin ƙoda a Kano, wannan ba labarin nesa ba ne. Hawan jini na lalata ƙoda, lalatacciyar ƙoda na ƙara hawan jini. Tunda ciwon yakan daɗe bai nuna alama ba, awon jini tun da wuri ya fi jiran zuwan zafi.