DAGA RANGADIN JOJI ZUWA HOTON FACEBOOK: WA KE DUBA AIKIN DA AKA CE AN YI MANA?

Jama'a, kwana biyun nan hotunan buɗe ayyuka sun cika mana waya, wannan rijiyar burtsatse, wancan asibitin sha-ka-tafi. Shi ya sa na ce bari mu ɗan waiwaya baya.

Zamanin Turawa, in ana son sanin ko aiki ya yi, sai joji ya fita rangadi ƙauye-ƙauye, ya dawo ya rubuta rahoto. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, labarin talakan Zurmi ko Shinkafi sai ya bi ta bakin dagaci da hakimi kafin ya kai sama. Bayan 'yancin kai kwamitin duba ayyuka ya gaji joji. Duk mun san yadda ake yi: a share hanya, a shafa fenti, baƙi su ci kaji su koma. Wanda aka yi aikin dominsa ba a tambayarsa.

Abin alfahari, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara karya wannan al'ada a Najeriya, nan Zamfara ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Aka tsaftace wasu ƙauyuka, Bagega kuwa aka bar ta tana jiran kuɗin da aka yi alkawari. A 2012 matasa irin su Hamzat Lawal suka kafa Follow The Money, suka je da kansu, suka ɗauki hotuna, suka tayar da gangamin #SaveBagega a Twitter. A watan Janairun 2013 gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin, kuma ba su tsaya nan ba, suka ci gaba da bibiyar aikin.

Haka ma rigakafin shan inna. Da aka gane wasu ma'aikata na cike takarda a gindin bishiya, sai aka riƙa ba tawagogi wayoyi masu nuna duk inda suka taka, a ɗora a kan taswira, a ga unguwar da aka tsallake. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka.

To amma mu mutanen Kaura, Shinkafi da Zurmi mun ga iyakar wannan ido. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci a katse layukan waya a duk faɗin jihar saboda 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, mu kuwa muka ci gaba da jira. A makonnin nan ba hoto, ba rahoto, sai ka ce ba abin da ke faruwa. Alhali a lokacin ne aka fi shan wuya, tunda har kasuwannin mako aka rufe.

Kuma har yau ƙauyen da aka tasa, ko wanda ba sabis, ba ya cikin Facebook. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Wannan adadin ba sharhin intanet ne ya fito da shi ba, mutane ne suka taka da ƙafa suna auna damtsen yaro ɗaya bayan ɗaya.

Don haka hoton ranar yanka zare ba shaida ba ne. In za ka saka, faɗi gari, faɗi rana, faɗi wanda ya ba da kwangila. Bayan wata shida ka koma: famfon na kawo ruwa? Akwai ma'aikaci da magani a asibitin? Ka tambayi matan da ke ɗibar ruwan, su da yawancinsu ba su da babbar waya. Gani ya kori ji, amma gani sau ɗaya bai isa ba.

Wane aiki aka buɗe a garinku bara, kuma yana wane hali yau? Ku faɗa mana, da hoto in da hali.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.