Makin Ɗalibi Ko Aljihun Iyaye?

A garuruwan Amurka da dama, akan jera makarantun gwamnati na aji shida zuwa takwas bisa makin jarrabawa, a ce wannan ta fi waccan. Awon yana da sauƙi, amma mudun algus ne. Tun 1966 binciken James Coleman, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito, da irin abokan ajinsa, sun fi ginin makaranta da kayan aikinta tasiri a kan maki. Ga shi kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun daga harajin gidaje yake fitowa, tsarin da Kotun Ƙoli ta ƙi rushewa a shari'ar Rodriguez ta 1973. Don haka in aka gwada makarantar da yawancin yaranta ke cin abincin rana kyauta (da wannan ake gane talauci a can) da ta unguwar likitoci da lauyoyi, aljihun iyaye aka auna, malamai kuma su sha yabo ko zagi kan abin da ba su aikata ba.

Mai suka zai ce wannan mafaka ce ga malalacin malami: duk shekarar da yara suka faɗi, sai ya nuna talaucin iyayensu. Sukar tana da nauyi, kuma rashin awo ba zai amsa ta ba. Abin aunawa shi ne nisan da yaro ya yi daga inda makaranta ta karɓe shi. Da Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya yi haka a 2017, sai ga makarantun Chicago, waɗanda yawancin yaransu 'ya'yan talakawa ne, suna koyar da karatun kusan shekara shida cikin biyar, tsakanin aji uku da takwas. Jerin maki zalla ya ɓoye wannan ƙwazo, kamar yadda yake rufa asirin makarantar masu hali da ke karɓar yara ƙwararru ta sallame su yadda suka zo.

Sai dai kada a ɗauko Coleman a dasa ko'ina. Masu bincike Heyneman da Loxley sun nuna a 1983 cewa a ƙasashe matalauta ingancin makaranta ya fi halin gida tasiri, kuma dalilin a fili yake: inda wani aji ke da littafi da benci, wani kuma yara na zaune a ƙasa, makarantun kansu sun yi nisa da juna. Don haka mai kwatanta ƙananan makarantun sakandaren Kano da sakamakon jarrabawar BECE sai ya ƙidaya malaman lissafi da yawan yara a aji, sannan ya tambayi sana'ar uba.